Ma'anar man kwanso a aikin sake cika harsashi: yadda ake zaɓarsa da dalilin goge shi

Man kwanso shi ne duk wani mai, kaki ko gari mai santsi da ake shafa wa kwanson harsashin da aka riga aka harba, kafin a tura shi da ƙarfi cikin wani bututun ƙarfe mai suna dayi domin ya koma girmansa na asali. An fi jin kalmar a bakin maharba da masu gasar harbin saiti a Amurka, inda doka ta yarda mutum ya tattara kwansunan da ya harba, ya gyara su, ya sake cika su don amfanin kansa. A Nijeriya lamarin ya sha bamban, domin dokar makamai ta hana mutum ƙera ko harhaɗa harsashi ba tare da izinin hukuma ba, saboda haka bayanin da ke tafe ya shafi ƙasashen da wannan aiki yake halal ne a wurin hukuma, kuma ake sayar da kayansa a fili.

Buƙatar man ta samo asali ne daga abin da ke faruwa da kwanso a lokacin harbi. Tagullar da ake yin kwanso da ita haɗi ce ta kashi 70 cikin ɗari na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya, kuma an zaɓe ta ne saboda tana miƙewa ba tare da ta fashe ba. Idan albarushi ya kama, matsin da ke cikin kwanson yana da girma ƙwarai. A harsashin .308 Winchester, misali, ƙungiyar SAAMI da ke tsara ma'aunin makamai da harsasai a Amurka ta sa iyakarsa a fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i. Wannan matsi yana bunƙasa kwanson har ya manne da bangon makwancin harsashi, wato gurbin da harsashi ke zama a cikin bindiga, ya toshe hanyar da iskar wuta za ta bi ta dawo wa mai harbi. Bayan harbin tagullar takan ɗan tsuke, abin da ke ba da damar zaro kwanson, amma ba ta komawa daidai yadda take tun farko, wuyanta kuma yakan buɗe har ya kasa riƙe sabon kan harsashi.

Gyaran wannan bunƙasa shi ne aikin dayi. Ana ɗaura shi a saman wani injin hannu mai mariƙi, irin Rock Chucker na kamfanin RCBS da Fred Huntington ya kafa a Oroville ta jihar Kalifoniya a 1943, sai a ja mariƙin, kwanson ya hau ya shige cikin dayin, wanda ya fi shi ƙunci kaɗan. A nan tagulla take gugar ƙarfe mai tauri a kusan dukan jikinta, ƙarƙashin ƙarfin da mariƙin ya ninninka. Idan babu wani abu mai santsi a tsakaninsu, kwanson zai shiga amma ba zai fito ba. Mai aikin zai ji mariƙin ya yi nauyi, ya ƙara ƙarfi wajen dawo da shi, sai bakin gindin kwanson da maƙalin inji ke riƙewa ya yage, a bar gangar jikin a cuse cikin dayi. Fitar da ita aiki ne mai cin rai. Sai an kwance dayin, an huda gindin kwanson da abin huji, an yanka masa zare, an ɗaura noti a ciki, sannan a jawo shi a hankali. Matsalar ta zama ruwan dare har kamfanoni irin su RCBS da Hornady da Redding suna sayar da kayan aiki na musamman don ita kaɗai.

Ba kowane kwanso ne yake buƙatar mai ba. Kwansunan ƙaramar bindiga masu miƙaƙƙen jiki, kamar .38 Special da .45 ACP, ana iya matsa su a bushe idan dayin yana da zoben kabaid a bakinsa, wato wani haɗin ƙarfen tungistan mai tsananin tauri da sulɓi, domin zoben siririn wuri kaɗai yake taɓawa a lokaci guda. Kwansunan doguwar bindiga masu siffar kwalba kuwa, masu jiki da kafaɗa da wuya, kamar .223 Remington da .30-06, dole ne a shafa musu mai ko da dayin na kabaid ne, saboda dukan jikinsu ne ke haɗuwa da ƙarfen a tare.

Abin da ya sa batun ya wuce a ce "shafa mai kawai" shi ne, yawansa ma illa ne. Mai ba ya matsuwa. Idan ya taru a kan kafaɗar kwanso, dayin kuma ya rufe shi ta ko'ina, ba shi da wurin gudu, sai ya danna tagullar ciki ya bar ƙananan lotsawa a kewayen kafaɗar. Dayin kwanso mai siffar kwalba yakan zo da ɗan ƙaramin rami a gefe don iska da rarar mai su fita, amma ramin yakan toshe da datti. Saboda haka ƙa'idar da masu aikin suka yi ittifaƙi a kanta ita ce, man ya zama siriri ƙwarai, ya fi yawa a ƙasan jikin kwanso kusa da gindi inda tagulla ta fi kauri kuma gugar ta fi tsanani, kafaɗa kuwa a bar ta kusan a bushe. Cikin wuyan kwanso shi ma yana da nasa hukuncin. A yawancin dayi akwai wani ɗan ƙwallon ƙarfe da ke ratsa wuyan daga ciki yayin da kwanson ke fitowa, kuma idan wurin a bushe yake, ƙwallon yakan yi ƙara, ya ja wuyan da kafaɗar sama, ya ɓata awon da aka gama daidaitawa. Don wannan wuri an fi son busasshen abu kamar garin girafait, irin baƙin da ke cikin fensir, ko garin maika, wani dutse mai ƙyalli da ke ɓarewa falle-falle, tunda nan ne albarushi zai bi ya shiga.

Man kwanso iri-iri ne, kuma kowanne yana da hanyar shafa shi. Tsohuwar hanya ita ce ta faifan soso: a zuba 'yan ɗigon mai mai kauri, irin Case Lube-2 na RCBS wanda ruwa yake wankewa, a baza shi a kan faifan, sannan a mirgina kwansuna huɗu ko biyar da tafin hannu. Hanyar tana aiki, sai dai faifan yana tara ƙura da yashi, yashin kuma yana karce dayi, kuma da ita ne sababbin shiga suka fi lotsa kafaɗa. Akwai kaki na gwangwani, wanda ya fi shahara shi ne Imperial Sizing Die Wax da kamfanin Redding na Cortland a jihar New York yake sayarwa. Mutum yakan taɓa shi da ɗan yatsa, ya murza a jikin kwanso yayin ɗaukarsa, kuma gwangwani ɗaya yana daɗewa ƙwarai. Kamfanin Lee na jihar Wisconsin yana da nasa mai kama da man goge baki a cikin tub, wanda ake iya tsarma shi da ruwa. Sai kuma na feshi, kamar One Shot na Hornady da man kamfanin Dillon; shi na Dillon haɗi ne na lanolin, wato maiƙon da ake samu daga ulun tumaki, da sifirit mai saurin bushewa. Mutane da yawa suna haɗa irin wannan na lanolin da kansu a gida. Laifin da aka fi yi da na feshi shi ne gaggawa, domin sai an jira sifirit ɗin ya tashi sannan santsin yake tabbata, kuma wanda ya tura jiƙaƙƙen kwanso cikin dayi yana iya maƙalar da shi kamar bai shafa komai ba.

A ganina, tambayar wanne ya fi kyau ba ta da amsa guda, kuma abu biyu ne ya kamata su yanke hukunci: yawan kwansunan da za a yi, da kuma yadda za a cire man bayan an gama. Mai gasar saiti da ke gyara kwanso hamsin a zama ɗaya, ko mai sauya siffar kwanso daga wani awo zuwa wani, kaki ne ya fi dacewa da shi, domin yatsarsa ce ke auna abin da ya shafa. Mai kwansuna dubu kuwa ba zai zauna yana murza su ɗaya bayan ɗaya ba, sai ya zuba su a leda ko kwali, ya fesa, ya girgiza. Man inji da giris na mota suna da santsi, amma ba su da gurbi a nan, saboda wahalar gogewa da kuma haɗarin da man fetur da danginsa ke yi wa albarushi da firaima, wato ɗan ƙoƙon da ke gindin kwanso mai ba da tartsatsin farko.

Cire man rabin ma'anarsa ne, domin amfaninsa na 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, daga nan ya zama abin kawarwa. Dalili na farko mai sauƙin fahimta ne: kwanso mai maiƙo yana kwasar ƙura, ya kai ta cikin makwancin harsashi, kuma man da ya saura a cikin wuya yana riƙe ƙwayoyin albarushi ko ya lalata su. Dalili na biyu shi ne wanda aka fi tattaunawa a kansa. A lokacin harbi, mannewar da busasshen kwanso ke yi da bangon makwanci tana ɗauke wani ɓangare na ƙarfin da ke tura shi baya. Idan akwai mai a jikinsa, sai ya zame, nauyin ya ƙaru a kan sakatar bindiga, wato ƙarfen da ke tokare gindin kwanso daga baya. Turawan Ingila sun san da haka, shi ya sa a tsohuwar hanyarsu ta awon matsin harsashi suke shafa masa mai da gangan, domin dukan ƙarfin ya sauka a gindi inda ma'aunin yake. Masu ganin an zuzuta haɗarin suna kafa hujja da cewa wasu tsofaffin bindigogi masu sarrafa kansu, kamar Schwarzlose ta Ostiriya da Breda 30 ta Italiya, suna da abin da ke shafa wa kowane harsashi mai kafin ya shiga. Hujjar gaskiya ce, amma waɗannan bindigogi an ƙera su ne a kan hakan tun daga tushe, kuma ba dalili ba ne na ɗora wa bindigar farauta nauyin da goge kwanso na minti ɗaya zai kawar. Hornady da Lee suna cewa nasu man ba ya lalata albarushi ko firaima, duk da haka masu taka-tsantsan suna goge bayan kwanson.

Hanyar cirewa tana bin irin man da aka shafa. Kaki yana fita da tsumma ko tawul, musamman idan an ɗan jiƙa shi da sifirit, kuma wannan yana da ƙarin fa'ida, domin kowane kwanso yana bi ta hannu, ido kuma yana ganin tsaga a wuya ko siririn zobe mai haske kusa da gindi, alamar cewa tagullar ta sirance ta ciki. Idan kwansunan suna da yawa, akan zuba su a injin girgiza tare da niƙaƙƙiyar totuwar masara ko ɓawon walnat, wani ɗan itace mai taurin ɓawo, su tsotse maiƙon cikin ɗan lokaci. Lanolin yana saurin cika wannan gari har ya daina aiki, kuma ƙurar injin tana ɗauke da dalma daga ragowar firaima, don haka ba a tankaɗe ta a cikin ɗaki. Akwai kuma wanki da ruwan zafi da sabulun wanke kwanuka da ɗan sinadarin tsami irin na lemon tsami, wani lokaci tare da ƙananan sandunan ƙarfe marar tsatsa a cikin gangar da ke juyawa. Wannan ya fi kowanne tsabta, amma sai kwanson ya bushe sarai ciki da waje, kuma a ɗan ɗumi ake busar da shi, domin zafi mai yawa yana tausasa gindin tagulla, wurin da dole ya kasance da tauri.

Abu ɗaya da ba a kusantar kwanso da shi wajen wanki ko gogewa shi ne amoniya, wadda take cikin wasu mayukan ƙyalƙyala tagulla na gida. Sojojin Birtaniya a Indiya sun ga illarta tun da daɗewa, lokacin da kwansunan harsasan da suke ajiyewa a bargar dawaki a lokacin damina suka riƙa tsagewa da kansu, kuma a 1921 bincike ya nuna cewa amoniyar fitsarin dawaki ce take cin tagullar da ke ɗauke da ragowar matsi daga ƙira. Kwanson da ya fito daga dayi yana cikin irin wannan hali, musamman a wuyansa. Bayan kowace hanya aka bi, mataki na ƙarshe shi ne ɗaga kowane kwanso a gaban haske a leƙa ɗan ramin da ke tsakanin mazaunin firaima da cikin kwanso, domin ƙwayar totuwa ko sandar ƙarfe takan maƙale a wurin, kuma sai an zungure ta kafin a ci gaba da sauran aikin.