An kama ɗana a Marwa: sel ne ko kurkuku? Tambayoyi kan tsarewa da hukuncin kisa

Ashe ba duk wanda aka kulle ne yake kurkuku ba?

A'a. Mu a baki ɗaya muke cewa "an rufe shi", amma wurare biyu ne. Ɗakin da jandarma ko 'yan sanda ke ajiye mutum a ofishinsu, wanda muke kira sel, na bincike ne kawai. Kurkuku kuwa, irin babban gidan yarin Marwa ko na Garwa ko na Ngaundere a arewacin Kamaru, sai da takardar alƙali ko ta mai gabatar da ƙara na gwamnati ake shigar da mutum. A Amurka rabon ya bambanta da namu: gidan tsarewa na ƙaramar hukuma yana riƙe masu jiran shari'a da waɗanda ɗaurinsu bai wuce shekara ba, gidan yarin jiha ko na tarayya kuma na masu dogon ɗauri ne. A nan, mai jiran shari'a da wanda aka yanke wa hukunci galibi tabarma ɗaya suke kwana.

Kwana nawa doka ta yarda a riƙe mutum a sel?

Wannan ce tambayar da nake so kowace uwa ta haddace. A dokar shari'ar laifuka ta Kamaru ta 2005, awa 48 ne, ana iya sabunta shi sau ɗaya. Ƙari bayan haka sai da izinin mai gabatar da ƙara a rubuce, shi ma sau biyu kawai. Don haka idan an tafi da naka, rubuta rana da lokaci, ka riƙa ƙirga. Da yawanmu muna kai tuwo safe da yamma har mako biyu, muna godiya an bar mu mun gan shi, ba mu san wa'adin ya daɗe da cika ba. Sai dai zargin ta'addanci daban ne: dokar Disamba 2014 ta ba da kwana 15 da ake iya sabuntawa, kuma kotun soja ce ke shari'ar.

Idan an kai shi gidan yari, an same shi da laifi ke nan?

Ba dole ba. Yana iya zama mai jiran shari'a. Wa'adin farko wata shida ne, ana iya tsawaita shi har ya kai shekara ɗaya a matsakaicin laifi, wata 18 a babban laifi. Kada 'yan unguwa su yi saurin kiransa ɓarawo. Alƙali bai yi magana ba tukuna.

Har yanzu ana yanke hukuncin kisa?

Ya danganta da gefen kogin Logone, wanda ya raba Kamaru da Cadi, da kake tsaye. A Kuseri, wato Kamaru, hukuncin yana nan a doka, kuma kotun soja ta Marwa ta yanke shi ga mutane da dama a shari'o'in Boko Haram bayan 2014. Amma rabon da a zartar da shi tun 1997. Wanda aka yanke wa yana zaune ne shekara da shekaru, bai mutu ba, bai kuma san ranar fita ba.

Ka haye gadar Ngeli zuwa Njamena, labari ya canja. A Agusta 2015 Cadi ta harbe mutum goma 'yan Boko Haram bayan hare-haren da aka kai birnin a watannin Yuni da Yuli. Sabuwar dokar laifuka ta 2017 ta cire hukuncin kisa ban da ta'addanci, sannan a 2020 aka soke shi gaba ɗaya.

To a Cadi ran fursuna ya tsira ke nan?

Da haka ne da na yi murna. A Afrilu 2020, watan da majalisa ta kaɗa ƙuri'ar soke hukuncin, aka iske mutum 44 da ake zargi da Boko Haram sun mutu a ɗakin da aka tsare su a Njamena, tun ba su ga alƙali ba. Bayan zanga-zangar 20 ga Oktoba 2022 kuma, ɗaruruwan matasa aka kwashe zuwa gidan yarin Koro Toro, can cikin hamada, inda uwa ba ta da halin kai wa ɗanta ko ruwan sha.