Rodajin injin da aka sake ɗaurawa

Rodaji shi ne lallaɓa injin da aka kwance aka sake ɗaurawa, a kilomitocinsa na farko, har sababbin ƙarafansa su saba da juna. A garejojin Yamai, inda tsofaffin Toyota da Peugeot ke shan ɗauri fiye da sau ɗaya, nan ake gane ko kuɗin mai mota zai ƙone.

Babban abin da ake nema shi ne zoben piston su zauna daram. Idan an goge silinda, akan bar mata siraran zane-zane masu gittawa, waɗanda sai an haska tocila ake ganinsu sosai. Su ne ke riƙe mai, su ne kuma ke cin bakin zobe kaɗan-kaɗan har ya manne. Matsin wutar da ke tashi a ciki shi ke tura zoben ga bango. Don haka barin inji yana ta juyi a hankali a tsaye cikin gareji na dogon lokaci, abin da wasu ke ɗauka tausayi ne, ɓarna ce: silinda ta yi sulɓi tun zobe bai zauna ba, mota ta shiga shan mai da fitar da shuɗin hayaƙi.

Galibin makanikai sun fi son baƙin mai na gargajiya a wannan lokaci, irin su 15W-40 ko SAE 30, suna cewa sintetik, wato man da aka harhaɗa da sinadarai, ya cika santsi. Maganar tana da ja, tunda motoci da yawa na fitowa daga kamfani da sintetik a ciki, amma gugar gareji ba ta kai ta kamfani laushi ba. Tsofaffin injuna masu falalen tafet, wato ƙarafa masu shimfiɗaɗɗiyar fuska da ke tura bawul, kuwa suna buƙatar mai mai sinadarin zinki da fosforas, ZDDP, wanda aka rage a mayukan zamani saboda yana lalata katalizar, na'urar da ke tace hayaƙin mota. Irin wannan inji akan riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 a minti, na minti 20 zuwa 30, a tashin farko. 

A kan hanya ana sassauya gudu, a taka a saki, ba lodi mai nauyi, ba jan giya babba a hawa. Miƙa hanyar Dosso da gudu ɗaya ba ya taimakawa.

Bidanjin farko, wato canjin mai na farko, yakan zo tsakanin kilomita 500 da 1,000, tare da canza filta, kuma man yakan fito da ɗan ƙyallin garin ƙarfe. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu sun sa a riƙa duba ruwan radiyeta da filtar iska. Man kwalba na bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, bai kamata ya shiga sabon ɗauri ba.