Wai mene ne wannan "kolajin" da aka ishe mu da shi?

Kwana biyun nan duk inda ka juya a Kaduna kolajin ne, a rediyo kolajin, a TikTok kolajin, masu kayan kwalliya a Kasuwar Barci da Kasuwar Gumi kowace hoda ta gwangwani sun laƙaba mata sunan, sai ka ji ana "Hajiya ki sha na sati biyu ki ga yadda za ki yi fari fes". To wannan maganar ce ke ƙona min rai, don kolajin ba ruwansa da hasken fata, launin fata aikin melanin ne, wani abu daban.

Kolajin furotin ne, shi ya fi kowane furotin yawa a jikin mutum, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk furotin ɗin jiki, shi ke riƙe fata da guringuntsi da ƙashi. Kuma Hajiya kin daɗe kina cin abinki. Farfesun ƙafar saniya da ya kwana, da safe ki buɗe tukunya ki tarar romon ya daskare yana rawa sai an ɗora a wuta ya saki, ai kolajin ne dahuwa ta narkar, haka ma ganda. Sai dai da ya shiga ciki daddatsa shi ake yi kamar furotin ɗin wake ko ƙwai, jiki ya kwashi gutsattsarin ya kai inda ya ga dama, babu wanda ya rubuta masa cewa wannan na kumatu ne.

Masu talla kuma bakinsu "bincike ya tabbatar". Wane bincike? Gaskiya akwai gwaje-gwajen da suka nuna fata ta ɗan ƙara laushi da danshi, amma da yawansu kamfanonin da ke sayar da kayan ne suka biya kuɗin yi. A 2025 an tattara gwaje-gwaje 23 aka tace, waɗanda ba kuɗin kamfani a ciki ba su nuna wani canjin a zo a gani ba. Tun 2013 ma hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, ta ƙi amincewa da iƙirarin wani kamfani cewa kolajinsa na gyara fata, alhali ita ɗin ta yarda bitamin C na taimaka wa jiki ya haɗa nasa kolajin, wato wanda ke cikin gwaba da lemo da tattasai, waɗanda ba mai yi musu talla.

Na shafawa kam ba sai an ja zance ba, ƙwayarsa ta yi girman da ba za ta ratsa fata ba, iyakarsa ya riƙe danshi a sama, aikin da man kaɗanya ke yi da hunturu.

Kuma kafin ki biya ki juya gwangwanin ki karanta daga jikin me aka ciro shi, don akwai na saniya, akwai na kifi, akwai kuma na alade, mai shagon ma sau da yawa bai taɓa dubawa ba.