Zumunci a Takarda: Iyalan Amurka da Wasiƙa a Ƙarni na 19

Me ya sa wasiƙa ta yi muhimmanci ga iyalan wancan zamani?

Saboda dangi sun warwatsu. Matasa sun yi ta barin jihohin gabas zuwa yamma neman ƙasar noma, sannan a 1849 dubban magidanta suka bar matansu da 'ya'yansu suka nufi Kalifoniya haƙar zinariya. An ce zumunci a ƙafa yake, amma idan tafiyar ta watanni ce, dole takarda ta tsaya a madadin ƙafar.

Shin kowa ne ke iya aika wasiƙa?

Da farko abin ya fi ƙarfin talaka. Kafin 1845 ana lissafin kuɗi ne da yawan falle da nisan tafiya, har falle ɗaya da zai wuce mil 400 yakan ci senti 25, kuma galibi mai karɓa ne ke biya. Wannan tsada ta koya wa mutane dabara: uwa za ta cika shafi da rubutu, ta juya takardar a kwance, ta sake rubutu a kan layukan farko, sannan ta naɗe ta, ta liƙe da kaki, domin ambulan ma falle ne da za a biya wa kuɗi. Ɗan da ya karɓa yakan sha wuyar karantawa, amma ya fi son hakan da biyan ninki biyu.

Yaushe aka samu sauƙi?

Dokar 1845 ta mayar da kuɗin senti 5 ga tafiyar da ba ta wuce mil 300 ba, kan sarki na farko na gwamnatin Amurka ya fito a 1847, kuma a 1851 senti 3 ya isa wasiƙa ta yi tafiyar mil 3,000. A lokacin yaƙin basasa, daga 1861 zuwa 1865, an yarje wa soja ya aika wasiƙa ba kan sarki, iyalinsa su biya idan ta iso.

To, bayi fa?

Jihohin kudu da dama sun haramta koya musu karatu da rubutu, alhali su ne aka fi rabawa da danginsu ta hanyar sayarwa. Bayan yaƙin, waɗanda suka samu 'yanci sun riƙa buga cigiya a jaridu irin su Christian Recorder ta Filadelfiya, suna ambaton sunan uwa ko ɗa da na ubangidan da ya sayar da su, a karanta wa jama'a a coci ko wani zai san inda suke.