Zaɓen Darussa a Babbar Sakandare da Sharuɗɗan Kammalawa a Najeriya

Babbar sakandare ita ce shekaru uku na ƙarshe na karatun gaba da firamare a Najeriya, wato daga SS1 zuwa SS3. A farkon SS1 ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya, ajin adabi da zamantakewa, da ajin kasuwanci, a wasu makarantun har da na fasaha. Darussan da ɗalibi ya ɗauka a wannan lokacin, yana ɗan shekara 14 ko 15, su zai rubuta a jarrabawar fita, su ne kuma za su buɗe masa ko su rufe masa ƙofar kwas a jami'a.

Takardar shaidar da makaranta ke bai wa wanda ya gama, wadda ake kira testimoniya, tana nuna cewa ya zauna a makarantar da kuma irin halinsa ne kawai. Nauyin yana kan sakamakon hukumomin jarrabawa. Shi kuma wannan sakamakon ba ya cewa ɗalibi ya ci ko ya faɗi a dunƙule, kowane darasi da darajarsa. Shi ya sa ake samun mai kiredit (wato cin darasi da darajar da jami'a ke karɓa) takwas yana zaune a gida, mai biyar kuma ya wuce jami'a, don nasa biyar ɗin sun dace da kwas ɗin da ya nema.

Asalin tsarin da hukumomin jarrabawa

Raba sakandare gida biyu ya zo ne da tsarin 6-3-3-4 wanda aka fara aiwatarwa a 1982, aka kuma rubuta jarrabawar kammala babbar sakandare ta farko a 1988. Hukumar NERDC ce ke tsara manhaja. Masu shirya jarrabawar fita huɗu ne: WAEC, wadda aka kafa a 1952, NECO, mai hedikwata a Minna, da aka kafa a 1999, NABTEB ta kwalejojin fasaha da sana'a, mai hedikwata a Benin, sai NBAIS ta makarantun Larabci da ilimin addinin Musulunci. Jarrabawar neman gurbi a manyan makarantu kuwa ta JAMB ce, wadda ta fara aiki a 1978.

Darussan tilas da na zaɓi

Ɗalibin makaranta yana rajistar darussa takwas ko tara. Turanci da Lissafi wajibi ne a kan kowa. Manhajar da aka fara aiki da ita a 2011 ta ƙara Ilimin Zama Ɗan Ƙasa da darasin sana'a guda ɗaya, wanda ake zaɓa daga cikin 34. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta rage sana'o'in zuwa shida: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar hannu, da noman lambu da amfanin gona. Duk lokacin da aka sauya manhaja, abin dogaro shi ne jerin darussan da hukumar jarrabawa ta buɗe wa rajista a shekarar, ba abin da yayyen ɗalibi suka rubuta ba.

In aka cire na tilas, guraben da suka rage huɗu ne ko biyar. A nan zaɓin yake, kuma ba shi da faɗin da ake zato. Ɗan kimiyya Fiziks da Kemistiri da Bayoloji sun riga sun cinye masa uku, sauran ɗaya ko biyun ne zai sa Aikin Gona, Jogirafi, Lissafi mai zurfi, Zanen Fasaha, Hausa ko darasin addini. Ɗan adabi yana zaɓa daga Adabin Turanci, Gwamnati, Tarihi, Ilimin Addinin Musulunci ko na Kirista, Larabci, Hausa, Faransanci da Tattalin Arziki. Ɗan kasuwanci yana ɗaukar Lissafin Kuɗi, Kasuwanci da Tattalin Arziki, galibi ya cike da Gwamnati.

Yadda ake raba azuzuwa

Makarantu suna duba sakamakon jarrabawar ƙarshen JSS3, wato ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, musamman makin Lissafi da Kimiyyar Farko. Wasu jihohin suna da makarantun kimiyya na musamman da sai an ci jarrabawa ake shiga. Kano ce ta yi fice a nan, da makarantun Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977.

A zahiri, rabon yakan zama na masu ƙoƙari a kimiyya, sauran kuma a tura su adabi. Wannan ɗabi'a tana cutar ɓangarorin biyu. Yaron da ya iya rubutu da muhawara amma Lissafi ke ba shi wahala, in aka cusa shi a kimiyya don iyaye na son a kira shi likita, yakan fita da fas, wato darajar da ba ta kai kiredit ba, a Fiziks da Kemistiri, ga shi kuma bai ɗauki Adabi ko Gwamnati da za su kai shi Shari'a ba. Ya yi biyu babu ke nan. Ajin adabi kuwa ya zama wurin da ba a damu a kai masa ƙwararrun malamai ba. Akwai gaskiya ɗaya a fifita kimiyya: ɗan kimiyyar da ya haɗa da Tattalin Arziki ko Jogirafi yana iya karkata zuwa kwasa-kwasan zamantakewa da gudanarwa, amma ɗan adabi ba shi da hanyar shiga Injiniyanci ko Likitanci sai ya sake jarrabawa a darussan da bai taɓa karantawa ba.

Daga kwas zuwa darasi

Hanyar da ta fi inganci ita ce a fara daga ƙarshe. A buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB tun ɗalibi yana JSS3, a duba kwas biyu ko uku da yake sha'awa, a rubuta abin da kowanne ke buƙata, sannan a zaɓi haɗin da ya ɗauke su duka. Kowane kwas yana da sharaɗi iri biyu: darussan da ake son kiredit a cikinsu, da darussa huɗun da za a rubuta a jarrabawar JAMB, wato Turanci da wasu uku, jimillar maki 400. Akwai kuma shafin keɓantattun sharuɗɗan kowace jami'a, wanda mutane ke tsallakewa alhali a nan tarkon yake.

Likitanci, Haɗa Magunguna da Aikin Jinya suna neman kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. A JAMB kuma Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji ake rubutawa, babu Lissafi. Jami'o'i da yawa ba sa karɓar waɗannan biyar ɗin ga Likitanci sai an same su a zama ɗaya. Aikin Gona ba ya maye gurbin Bayoloji a nan, ko da yake ana karɓarsa a madadinsa a yawancin kwasa-kwasan noma. Ɗalibin da ya bar Bayoloji ya riƙe Aikin Gona don ya fi sauƙi ya rufe wa kansa dukkan fannin lafiya.

Injiniyanci yana buƙatar Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da wani darasin kimiyya guda, a JAMB kuma Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Ba kasafai ake wajabta Lissafi mai zurfi ba, amma wanda ya yi shi ya riga ya ga kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, ba zai sha wuyar da abokansa za su sha a ajin farko na jami'a ba. Haka Zanen Fasaha ga mai son Injiniyanci ko Zanen Gine-gine.

Shari'a ita ce inda ɗaliban Arewa suka fi yin tuntuɓe, sanadin kuwa Adabin Turanci ne. Yawancin jami'o'i suna neman kiredit a cikinsa. Makarantu da yawa ba su da malaminsa, ɗalibai kuma na gudunsa saboda yawan littattafan da aka wajabta: ƙagaggun labarai, wasan kwaikwayo da waƙoƙi, na Afirka da na waje. Sai yaro ya fito da sakamako mai kyau a Gwamnati da Hausa da Addini, ya je cike fom a ce masa babu Adabi. Sharaɗin sashen Shari'ar Musulunci yakan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, inda Larabci da Ilimin Addinin Musulunci ke da amfani, don haka na jami'ar da ake so za a karanta. Aikin Jarida da digirin Turanci su ma sukan nemi Adabi.

Akanta, Tattalin Arziki da Gudanar da Kasuwanci suna tsaye ne a kan Lissafi da Tattalin Arziki. Wanda ya gudu zuwa ajin kasuwanci don tsoron Lissafi bai tsira ba.

Darasin sana'a da Ilimin Zama Ɗan Ƙasa suna ƙawata sakamako, amma kwasa-kwasai da yawa ba sa lissafa su cikin biyar ɗin da suke nema. Hausa, Larabci da darussan addini ana lissafa su a fannin adabi, ba a kimiyya ba.

Daraja da kiredit

Darajojin WAEC da NECO tara ne: A1, B2, B3, C4, C5, C6, D7, E8, F9. Daga A1 zuwa C6 kiredit ne, D7 da E8 fas, F9 faɗuwa. A ma'aunin da aka saba, C6 tana farawa daga maki 50, A1 daga 75. Sharaɗin da aka daɗe a kai na shiga jami'a shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace, har da Turanci da Lissafi, a zaman da bai wuce biyu ba. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta sharaɗin kiredit a Lissafi ga masu neman kwasa-kwasan adabi, amma rubuta shi a jarrabawa yana nan wajibi. Wanda zai iya cin sa kada ya yi wasa da shi, don guraben aiki da na karatu da yawa suna tambayarsa.

Zama biyu yana nufin a haɗa sakamako biyu, misali WAEC da NECO na shekara ɗaya, ko na makaranta da na masu zaman kansu. Uku ba ya haɗuwa. Sakamakon sakandare ba ya tsufa, na JAMB kuwa na shekararsa ne kaɗai.

Inda ake samun tangarɗa

Sauya aji a makare shi ne na farko. Wani kaso na darajar ƙarshe yana fitowa ne daga makin gwaje-gwajen aji da makaranta ke tura wa hukumar jarrabawa, tun na SS1. Wanda ya koma wani fannin a SS3 ba shi da wannan makin a sababbin darussansa, ga karatun shekara biyu da ya wuce shi. In za a sauya, a yi kafin SS1 ta ƙare. Haka wanda ya sauya makaranta, dole makinsa ya biyo shi.

Na biyu shi ne jarrabawar gwaji a ɗakin kimiyya. Fiziks, Kemistiri, Bayoloji da Aikin Gona kowanne yana da takardar gwaji. A Kemistiri ana bai wa ɗalibi bututun gilashi biyu na awon ruwa, buret mai famfo da fifet mai cin santimita kubik 25, ya ɗebi sinadarin alkali a kwalba, ya ɗiga masa ruwan da ke nuna sauyin launi sau biyu ko uku, sannan ya riƙa sakin asid sannu a hankali yana kaɗa kwalbar har launin ya juya. Zai rubuta awon da lamba biyu bayan ɗigo, ya maimaita har ya sami awo biyu da tazararsu ba ta wuce 0.20 ba. Wanda bai taɓa riƙe buret ba sai ranar jarrabawa yakan saki famfon da yawa ya zarce wurin juyawar, ko ya karanta awon daga sama maimakon daidai ƙasan lanƙwasar ruwan, duk lissafin da ya biyo baya kuma ya karkace. Kafin a sa yaro ajin kimiyya, ya kamata iyaye su leƙa ɗakin gwajin makarantar, su tambayi sau nawa ake shiga a zango.

Na uku kuskuren rajista ne. Kafin a rufe, makaranta tana buga takarda mai ɗauke da hoton ɗalibi, sunansa, ranar haihuwarsa da darussansa don ya duba. A nan ake gano an sa masa Kasuwanci a gurbin Adabi, ko an rubuta Mohammed alhali a lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN Muhammad ne, ko an juya sunan mahaifi ya koma na farko. Tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN, kuma sunan da ke can shi take ɗauka. Saɓani tsakaninsa da sakamakon sakandare yana iya tsayar da ɗalibi a wajen tantancewa. Gyara kafin a rufe rajista ya fi sauƙi, bayan fitar sakamako kuwa sai da kuɗi da dogon jira.

Sai haɗin darussan JAMB da bai dace da kwas ba, wanda sau da yawa ma'aikacin shagon rajista ne ke cike wa ɗalibi da ka. Akwai kuma mantawa da ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB ga wanda ya yi rajista yana jiran sakamako. Ba a ba da gurbi sai an ga sakamakon a can. Riƙe sakamakon cibiya gaba ɗaya saboda satar amsa yana shafar har wanda bai yi ba, abin da ya sa cibiyoyin da ake yi wa laƙabi da na mu'ujiza suke da haɗari.

Hanyoyin cike giɓi

Wanda darasi ɗaya ko biyu suka kayar yana iya rubuta jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO a ƙarshen shekara, inda ake amsa takardar gwaji a rubuce ba tare da kayan aiki ba. A wannan jarrabawar mutum yana iya ɗaukar darasin da bai yi a makaranta ba, kamar Adabin Turanci, ya haɗa da sakamakonsa na farko ya zama zama biyu. Akwai kuma shirye-shiryen share fage na jami'o'i, da IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, wanda ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye, sai dai shi ma ba ya ɗauke sharaɗin kiredit biyar.

A Gana ma WAEC ce ke shirya jarrabawar, amma ɗalibi yana zaɓar fanninsa tun kafin a tura shi makaranta. A Nijar tsarin Faransa ake bi: ana raba ɗaliban lise, wato babbar sakandare, zuwa rukunin A na adabi, C na Lissafi da Fiziks, da D na kimiyyar halittu, kuma ana cin jarrabawar fita ta bakaloriya ne da matsakaicin maki 10 cikin 20, inda darasi mai ƙarfi ke iya ɗaga mai rauni. Ɗan Nijar da ya zo karatun sakandare a Najeriya sai ya lura cewa a nan A1 a Hausa ba ta biyan bashin D7 a Turanci.