Zanen Jean-Paul Riopelle Mai Falle da Yawa

Jean-Paul Riopelle mai zane ne ɗan ƙasar Kanada, an haife shi a birnin Montreal a 1923, ya rasu a 2002 a tsibirin Isle-aux-Grues na lardin Quebec. Ya yi suna da zanen da ba ya kwaikwayon siffar mutum ko wani abu, kuma wasu manyan ayyukansa ya yi su a kan ƙyallaye da dama da ake jerawa gefe da gefe su zama aiki guda. Jera zane a falle uku tsohuwar al'ada ce a majami'un Turai, inda ake zana labaran addini, amma Riopelle ya ari tsarin ya bar labarin.

Ya yi karatu a hannun mai zane Paul-Émile Borduas, ya shiga ƙungiyar masu zane ta Automatistes, kuma yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar Refus global ta 1948, sanarwar da masu fasaha suka fitar ta ƙin tsoffin al'adun Quebec. A Faris, inda ya daɗe da zama, ya ajiye buroshi ya riƙa matso fenti kai tsaye a kan ƙyalle yana baza shi da wuƙar shafa fenti, har fuskar zanen ta yi kauri, ta cika da ƙananan gutsattsarin launi masu kaifin gefe. Da wannan hannu ya yi Pavane a 1954, aiki mai falle uku da tsayinsa ya kai mita 3, faɗinsa kuma mita 5.5, wanda ke gidan adana zane na ƙasa a Ottawa. Amfanin rabawar a bayyane yake: ido da zai ɓace cikin cunkoson launuka yana samun wurin tsayawa a kowace mahaɗa kafin ya ci gaba, ga kuma sauƙin ɗaukar aiki mai wannan girma. A 1963 ya yi Point de rencontre mai falle biyar domin filin jirgin saman Toronto, daga baya Kanada ta ba Faransa shi kyauta.

Mafi girma shi ne L'Hommage à Rosa Luxemburg (wato girmamawa ga Rosa Luxemburg, 'yar gwagwarmayar gurguzu a Jamus), wanda ya yi a 1992 bayan ya sami labarin rasuwar Joan Mitchell, mai zane 'yar Amurka da suka yi soyayya fiye da shekara 20. Zane 30 ne a kashi uku, tsawonsu ya haura mita 40. A nan ya sauya hanya, domin ya riƙa ɗora matattun tsuntsaye da ganyaye da kayan aiki a kan ƙyallen yana fesa musu fenti, idan ya ɗauke sai siffarsu ta zauna, musamman ta fararen dinyoyin da ke sauka a tsibiran kogin Saint-Laurent. Aikin yana gidan adana zane na lardin Quebec, a birnin Quebec.