Waiwaye: Yadda hanyar mota da kiwon shanu suka ci kurmin Amazon

Kusan kashi 60 cikin ɗari na kurmin Amazon a Brazil yake, kuma har zuwa shekarun 1960 ɓarnar da aka yi masa ba ta taka kara ta karya ba, domin sai ta kogi ake shigarsa. Al'amarin ya sauya a 1970, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Medici ta fara yanka hanyar Transamazonica mai tsawon kusan kilomita 4,000, da niyyar kwaso talakawan arewa maso gabas da fari ya addaba a raba musu gonaki. A shekarun 1980 aka shimfiɗa kwalta a hanyar BR-364 ta jihar Rondonia da rancen Bankin Duniya. Daga babbar hanya ƙananan hanyoyi suka riƙa tsaga daji dama da hagu, har hoton tauraron ɗan'adam ya koma kamar ƙayar kifi.

Manoman farko sun sha mamaki. Sun ga bishiyoyi masu tsawon mita 40, suka ɗauka ƙasar taki ce zalla. Alhali albarkar kurmi a jikin bishiyoyin take da ganyen da ke ruɓewa a gindinsu. Ƙasar kanta tsohuwa ce, ruwan sama ya daɗe da wanke ta. Idan aka sare aka ƙone, toka takan ba da amfani shekara biyu ko uku, daga nan gona ta gaji. Hatta sinadarin fosfaras da ruwa ke kwashewa, ƙurar Sahara ce ke cike wani ɓangarensa, ciki har da wadda ke tashi daga kwarin Bodele na Chadi ta tsallake Tekun Atlantika.

Da noma ya ƙi, sai shanu suka gaji filin, kuma har yau mafi yawan inda aka sare makiyaya ce. Aikin yana da tsari. Masu katako ke fara shiga su zaɓe manyan itatuwa masu tsada, su bar hanya a buɗe. Sai a zo da inji a kayar da sauran, ko a ɗaura ƙatuwar sarƙa tsakanin katafila biyu a ja. A bar itacen ya bushe da rani, a cinna wuta wajen Agusta da Satumba, a watsa irin ciyawa, a zuba shanu. Sau da yawa ba nama ake nema ba, fili ake nema: shanun shaida ce cewa wurin yana da mai shi, ko da na gwamnati ne. Wanda ya tare gaba yakan gamu da harsashi. Haka aka kashe Chico Mendes, jagoran masu tatsar roba, a garin Xapuri a Disambar 1988.

Dokar da ta hana sare bishiyar gyaɗar Brazil, wata doguwar bishiyar kurmi mai 'ya'ya a cikin ƙwarya mai tauri, ta nuna iyakar kare bishiya ɗaya tilo. Manyan ƙudajen zuma na kurmi ne ke yi mata barbara, wani ɓeran daji mai suna aguti kuma shi ke iya fasa ƙwaryarta ya binne 'ya'yan. An bar ta tsaye a tsakiyar makiyaya, ba ƙudan ba ɓeran, ga wuta duk shekara. 'Ya'yanta suka ragu, da yawa suka bushe a tsaye.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Brazil, INPE, tana auna ɓarnar tun 1988. A 2004 an sare murabba'in kilomita 27,772. A shekarar ce, zamanin ministar muhalli Marina Silva, aka fara amfani da tauraron ɗan'adam wajen sanar da jami'ai inda ake sara tun aikin bai yi nisa ba. A 2006 manyan 'yan kasuwa suka amince su daina sayen waken suya da aka noma a sabon filin da aka sare, a 2008 kuma aka hana rancen noma ga wanda takardun filinsa ba su cika ba. Zuwa 2012 adadin ya faɗo 4,571. Da aka sassauta sa ido zamanin shugaban ƙasa Bolsonaro, ya haura 13,000 a 2021, sannan ya sauko ƙasa da 7,000 a 2024. A ganinmu babu hujjar da ta fi wannan ƙarfi cewa ɓarnar zaɓin gwamnati ce.

Sai dai rage sara bai mayar da ruwa ba. Bishiyoyin suna zuƙo ruwa su mayar sama, iska ta kai shi kudu inda gonakin Brazil suka dogara da shi, kuma an riga an rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na kurmin ƙasar. A farin 2023 kogin Negro ya yi ƙafewar da ba a taɓa aunawa ba a birnin Manaus, a 2024 ya zarce haka. Duk da wannan ana ta matsa lamba a shimfiɗa kwalta a hanyar BR-319 daga Manaus zuwa birnin Porto Velho, wadda ta ratsa ɗaya daga cikin sassan da gatari bai kai ba tukuna.